Dan Allah ya ake haɗa layuka da yawa su koma layi ɗaya a SQL?

Sadik Kurna: Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah agaji nake nema, kwana biyu kenan abu ɗaya yana ci min tuwo a ƙwarya. Ina yi wa wata islamiyya ta unguwarmu ɗan tsarin rajistar ɗalibai ne da yaren PHP da databes na MySQL, tebur biyu ne kawai, na aji da na ɗalibai. Shugaban makarantar yana so in ya buga takarda yaga kowane aji a layi ɗaya, a gabansa sunayen yaran duka a jere da waƙafi a tsakaninsu. To in nayi JOIN sai aji ɗaya ya fito min sau arba'in saboda yara arba'in ne a ciki, in kuma na saka GROUP BY sai ya ɗauko suna ɗaya tak ya watsar da sauran kamar ba a haife su ba. Wlh kaina ya kulle.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Sadik. Abin da kake nema sunansa GROUP_CONCAT, kuma ba sabon abu bane, tun MySQL 4.1 yake nan. Gwada wannan:

SELECT aji.suna, GROUP_CONCAT(dalibai.suna ORDER BY dalibai.suna SEPARATOR ', ') AS yara
FROM aji JOIN dalibai ON dalibai.aji_id = aji.id
GROUP BY aji.id, aji.suna;

Yadda SUM yake tara lambobi na rukuni ɗaya haka shi ma yake tara rubutu ya liƙa su. In baka saka SEPARATOR ba waƙafi zai sa maka babu tazara, in baka saka ORDER BY a cikinsa ba to duk yadda yaga dama zai jera, kada ka ce don yau ya fito a jere gobe ma haka zai yi.

Sadik Kurna: Allahu Akbar! Malam ya yi wlh, yanzun nan na gwada. Allah ya ƙara ilimi, ya jiƙan mahaifa. Ashe layi ɗaya ne ya hana ni barci kwana biyu

Malam Habu: Amin ƙanina. Amma wancan GROUP BY ɗin da ka fara yi ya baka suna ɗaya bai yi maka ihu ba, alama ce ba a kunna ONLY_FULL_GROUP_BY, saitin da ke hana irin wannan GROUP BY ɗin, ba a wurinka. A MySQL 5.7 zuwa sama a kunne yake zuwa, da ƙin yin aikin zai yi ya baka kuskure. Me kake amfani da shi a laptop ɗin?

Sadik Kurna: XAMPP ne Malam, manhajar nan da ke haɗo PHP da databes wuri ɗaya

Malam Habu: To riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa.

Oga Nas: Ni dai kullum ina faɗa, me yasa zaka ɗora wa databes aikin kwalliya? Ka jawo layukanka yadda suke, ka zuba su a array, kayi implode a PHP, umarnin da ke liƙa su a jere, shikenan. Databes aikinsa ajiya da nemowa, jera suna da waƙafi aikin mai buga takarda ne. Gobe shugaban makaranta ya ce yana so kowane suna a layinsa ko a saka lamba a gaban kowa, sai ka koma kana taɓa kweri

Injiniya Zee: Oga Nas ban ƙi taka ba amma ka cika tsauri. In rahoto ne kawai za a karanta da ido, aji goma layi goma, meye laifin GROUP_CONCAT? Ni na sha yin kweri a phpMyAdmin, shafin da ake buga wa databes umarni kai tsaye, in fitar in tura wa mutum, babu PHP ko ɗaya a tsakani, to a nan ina zan samo implode ɗin? Ba komai bane sai an rubuta masa manhaja

Oga Nas: Hajiya wannan daban, wannan aikin sau ɗaya ne. Shi tsari yake ginawa wanda za a yi shekaru ana amfani da shi

Injiniya Zee: To ai ko a tsarin ne, jawo layi dubu biyu ta waya don ka mayar da su goma ba kullum ne dabara ba. Ya danganta da abin da za a yi da sakamakon, shine maganata

Dan Damagaram: Sannunku da aiki. Mu nan PostgreSQL muke aiki da shi, sunan abin string_agg, ya shigo a 9.0 a shekarar 2010. Rubutun ya ɗan bambanta, mai rabawa dole ne ka faɗe shi, baya zaɓa maka:

string_agg(suna, ', ' ORDER BY suna)

kuma in kolum ɗin lamba ne sai ka juya shi rubutu tukuna da ::text in ba haka ba zai ƙi. Kafin ya zo mutane array_agg suke haɗawa da array_to_string. Na faɗa ne don wanda zai zo nema daga baya kada ya kwafi na Malam Habu ya liƙa a Postgres ya ce ba ya aiki

Baban Amira: Ku yaran zamani kun ji daɗi wlh. Mu da muka taso a SQL Server sai 2017 aka bamu STRING_AGG. Kafin nan abin da muke yi in kun gani sai kun yi dariya:

STUFF((SELECT ', ' + suna FROM dalibai d WHERE d.aji_id = a.id ORDER BY suna FOR XML PATH(''), TYPE).value('.', 'NVARCHAR(MAX)'), 1, 2, '')

Wato yaudarar injin muke yi, mu ce masa XML muke so amma kada ya sa wa komai suna, sai ya liƙa mana rubutun a jere, shi kuma STUFF aikinsa kawai ya cire waƙafin farko da tazararsa, shine 1, 2 ɗin nan da kuke gani. Har yau a ofishin da nake akwai saba (server) mai SQL Server 2012 a kanta kuma ba ranar canzawa, to da wannan nake ci da ita. Wanda duk ya bar TYPE da value ɗin nan zai sha mamaki ranar da sunan wani shago ya zo da alamar &, sai ya fito masa & a kan rasit. Ni ya taɓa faruwa da ni, an buga takardu an kai wa oga ya kira ni yana tambaya wane ne amp

Ummi Koda: Hhhh wane ne amp. Baba Allah ya bar mana kai

Baban Amira: Amin 'yata. Kuma akwai wata tsohuwar hanya da na ga har yanzu yara suna kwafowa, SELECT @x = @x + suna, wannan ku guje ta, Microsoft da kansu sun ce babu tabbacin sakamakonta, wata rana in ka haɗa ta da ORDER BY sai ka tarar suna ɗaya kawai ya rage a ciki

Sadik Kurna: Yan uwa na dawo, kuma wannan karon da matsala babba, yau na sha kunya wlh. Bayan abin sunaye ya yi aiki sai na ce bari in yi amfani da dabarar wurin tura saƙon tes ga iyaye, kamfanin da muke sayen tes a wurinsu suna karɓar lambobin waya a jere da waƙafi, sai nayi GROUP_CONCAT na lambobin iyaye duka na miƙa. A laptop ɗina na gwada lambobi 212 sun fito cif. Na ɗora a hostin, aka tura sanarwar taron iyaye na ranar Asabar, yau aka yi taron rabin kujeru babu kowa, iyaye suna ta cewa su basu ga saƙo ba. Shugaban makaranta ya kira ni gaban malamai yana cewa ko kuɗin tes ɗin na ci. Na duba rahoton kamfanin, 85 ne kawai suka tafi, sai wata guntuwar lamba mai harafi huɗu a ƙarshe da aka ce ba daidai ba. Babu kuskure ko ɗaya da PHP ya nuna min

Malam Habu: Innalillahi. Sannu Sadik, laifina ne ma da ban ƙarasa maka maganar ba ranar da na tambaye ka XAMPP. Ɗauko kalkuleta. Lambar waya a Najeriya harafi 11 ce, ka ƙara waƙafi ɗaya ya zama 12. Sau 85 nawa kenan? 1020. Saura 4 a cika 1024, shine guntuwar lambar da ka gani. MySQL yana da iyaka da ake kira group_concat_max_len, kuma yadda yake zuwa bait 1024 ne, wato harafi 1024 a irin waɗannan lambobin, duk abin da ya wuce nan yanke shi yake yi da almakashi ya baka sauran kamar babu abin da ya faru.

Sadik Kurna: Subhanallah lissafin ya fita daidai. To amma Malam me yasa a laptop bai yanke ba?

Malam Habu: Saboda abin da ke cikin XAMPP ɗinka ba MySQL bane, MariaDB ne, duk da maɓallin da kake dannawa an rubuta MySQL a jikinsa. Su kuma MariaDB tun daga 10.2.4 suka ɗaga iyakar zuwa megabait ɗaya. Hostin ɗinka kuma ainihin MySQL ne a kai. Buga SELECT VERSION(); a duka biyun ka gani da idonka, sannan SHOW VARIABLES LIKE 'group_concat_max_len';

Sadik Kurna: Na buga. Laptop 10.4 MariaDB, 1048576. Hostin 8.0, 1024. Kai jama'a

Injiniya Zee: Kuma ba wai bai faɗa bane gaba ɗaya, yana faɗa amma ƙasa ƙasa. Gargaɗi yake bayarwa mai lamba 1260, in ka buga SHOW WARNINGS nan take bayan kwerin zaka ga ya ce an yanke layi kaza. Matsalar PHP baya ɗaukar gargaɗi a matsayin kuskure, sai ka nema da kanka, waye kuma yake nema in abu ya fito kamar lafiya lau

Malam Habu: Maganin gaggawa shine kafin kwerin ka fara tura

SET SESSION group_concat_max_len = 1000000;

amma dole a kan haɗi ɗaya da kwerin, in ka buga shi a phpMyAdmin ka rufe ka koma manhajarka bai san an yi ba. SET GLOBAL kuma a hostin na haɗaka ba za su baka izini ba. In PDO kake amfani da shi wurin haɗa PHP da databes, saka umarnin a MYSQL_ATTR_INIT_COMMAND yadda duk sanda aka buɗe haɗi zai fara gudana. Sama da shi kuma akwai wata iyakar mai suna max_allowed_packet amma kai da lambobi ɗari biyu ko kusa ba zaka je ba.

Oga Nas: To Hajiya Zee ina kike? Ba ga abin da nake faɗa ba. Da implode yayi da iyaye 212 duk sun zo taro sun sha lemo

Injiniya Zee: A nan kam ka ci gari Oga, na sallama. Amma lura da bambancin, na farko takarda ce mutum zai karanta, in suna ya yanke ido zai gani. Na biyu inji ne zai karɓa ya yi aiki da shi, babu mai dubawa. Ni ƙa'idata kenan, in mutum ne zai karanta a liƙa a databes, in wata manhaja ce zata ci to a bar layuka a matsayin layuka har sai an zo bakin ƙofa

Oga Nas: Ko takardar ma ban yarda ido zai gani ba. Aji mai yara saba'in, kowane suna da na uba kusan harafi ashirin, ya wuce 1024 tuni, waye zai zauna ya ƙirga? Sai ranar da uban wani Zakariyya ya zo ya ce ina sunan ɗana, don masu Z ne kullum a ƙarshe in an jera

Sadik Kurna: Wayyo. Bari in je in duba takardun da aka riga aka buga

Ummi Koda: Ku ƙara da wannan, iyakar bait take ƙirgawa ba harafi ba. A tsarin ajiye haruffa na utf8mb4 haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kowanne bait biyu yake ci. In da Larabci aka rubuta sunayen kamar yadda wasu islamiyyu suke so to kowane harafi bait biyu ne, kaga iyakar ta koma rabi kenan. Kuma tunda maganar tes ake, in ka saka ƙ ko ɗ guda ɗaya a cikin saƙo ya tashi daga harafi 160 a shafi ya koma 70, kuɗinka ya ninka baka sani ba

Sadik Kurna: Anti Ummi wannan ma ban sani ba, shi yasa kuɗin yake saurin ƙarewa kenan. Na duba takardun, aji biyu ne suka yanke, ɗaya ma a tsakiyar sunan yarinya ya tsaya

Baban Amira: Kada ku ɗauka MySQL ne kaɗai mai iyaka. STRING_AGG na SQL Server ma in kolum ɗin ba MAX bane a bait 8000 yake tsayawa, sai dai shi yana da kunya, kuskure yake bayarwa ya ƙi aikin gaba ɗaya, sai ka juya kolum ɗin da CAST zuwa NVARCHAR(MAX). Jerawa kuma a waje ake yi da WITHIN GROUP. Oracle ma haka, LISTAGG ɗinsu da ya zo a 11g Release 2 in ya wuce bait 4000 sai ya jefo maka ORA-01489, daga 12.2 ne suka ƙara ON OVERFLOW TRUNCATE ga wanda da kansa ya zaɓi a yanke. Ni a wurina wanda ya tsaya ya yi min ihu ya fi wanda ya yi shiru ya cuce ni. Af, kuma NVARCHAR ɗin nan da N ba ado bane, VARCHAR zalla a irin saitin da aka saba yana iya mayar maka da ƙ alamar tambaya

Dan Damagaram: Postgres dai sai ka kai gigabait ɗaya kafin ya yi magana, ina faɗa ne kawai

Oga Nas: Mun ji, kullum sai kun tallata mana giwar da ke tambarin Postgres ɗinku

Sadik Kurna: Wata tambayar kuma Malam, cikin 85 ɗin da suka tafi akwai wani bawan Allah da ya ce saƙo huɗu ya samu iri ɗaya

Malam Habu: Yara huɗu gare shi a makarantar ai, lambarsa tana layi huɗu. GROUP_CONCAT(DISTINCT waya) zai magance wannan, ko SELECT DISTINCT in ka koma hanyar Oga Nas. Sai dai DISTINCT rubutu yake kwatantawa, in an shigar da lambar sau ɗaya da sifili a gaba sau ɗaya da 234 to a wurinsa mutum biyu ne, sai ka daidaita su tun wurin shigarwa. Kuma kada ka saba da watsa DISTINCT duk inda kaga maimaici. A kan sunaye haɗari ne, aji ɗaya zaka iya samun yara biyu suna ɗaya sunan uba ɗaya, mu da muke da Muhammad da Aisha a kowane gida, DISTINCT zai haɗiye ɗaya. Sau da yawa kuma maimaicin daga JOIN yake, misali ka haɗo teburin biyan kuɗin makaranta, yaro ya biya sau uku sai sunansa ya fito sau uku, ka rufe da DISTINCT sunaye su yi kyau amma COUNT ɗin da ke gefe yana nan a kumbure. Gara ka tara kowane tebur a ƙaramin kwerinsa tukuna sannan ka haɗa.

Injiniya Zee: Sai kuma NULL. GROUP_CONCAT tsallake shi yake yi, wannan ba laifi. Inda ake faɗawa rami shine in ka ce CONCAT(suna, ' - ', waya) a cikinsa, a MySQL in ɗaya daga ciki NULL ne duka CONCAT ɗin ya zama NULL, kenan yaron da ba a saka lambar babansa ba shi da sunansa duk sun ɓace daga jerin. CONCAT_WS ko COALESCE ne maganin. Kuma ajin da babu ɗalibi ko ɗaya ba zai fito ba sam sai ka mayar da JOIN ɗin LEFT JOIN

Sadik Kurna: To ni yanzu wata dabara ta zo min, me zai hana in ƙara kolum a teburin aji in ajiye lambobin a haɗe gaba ɗaya, duk sanda za a tura tes sai in ɗauko kawai ba sai an sake haɗawa ba

Malam Habu: A'a! Sadik kada ka soma.

Oga Nas: Yau ni da Malam layi ɗaya muke. Ranar da uba ɗaya ya canza layi ya zaka yi, ka ɗauko dogon rubutu ka farfasa ka nemo ka canza ka sake liƙawa? Yaro ya koma wani aji fa? Nema kuma sai da LIKE ko FIND_IN_SET, indes ba zai taimake ka ba, layi ɗaya ɗaya zai bi. Na gaji wani aiki da aka yi haka, lambobin kaya a kolum ɗaya da waƙafi, wanda ya rubuta yana neman kaya mai lamba 1 da LIKE sai 11 da 21 da 100 duk su fito, sati biyu nayi ina warware shi

Baban Amira: Wannan ai ita ce ƙa'idar farko da Codd, wanda ya ƙirƙiro tsarin databes mai tebura, ya kafa tun 1970, kowane gurbi abu ɗaya. Liƙawa a wurin fita ake yinta, a ajiya kowa da ɗakinsa

Ummi Koda: In dole sai ka miƙa wa wata manhaja jerin a dunƙule, akwai JSON_ARRAYAGG tun MySQL 5.7.22, shi ko da waƙafi a cikin rubutun kansa ba zai rikice ba, irin adireshi da ake rubuta gida kaza, layi kaza, unguwa kaza. Da GROUP_CONCAT in ka zo farfasawa baka san wane waƙafi ne naka wane ne na adireshin ba. Ni yanzu matsalata SQLite ce a manhajar waya, group_concat ɗinsa in ka saka DISTINCT baya yarda ka zaɓi mai rabawa, kuma ORDER BY a cikinsa sai a 3.44 na ƙarshen 2023 aka kawo, wayoyin da mutanenmu suke riƙewa kuwa yawanci tsohon SQLite ne a ciki

Dan Damagaram: Anti Ummi yi DISTINCT ɗin a ƙaramin kweri na ciki, sai na waje ya liƙa da duk alamar da kike so

Ummi Koda: Haka nake yi yanzu, munin rubutun ne kawai yake damuna

Sadik Kurna: Alhamdulillah na gyara. Na tes na mayar da shi SELECT DISTINCT da implode, na kuma sa ya nuna adadin lambobi a allo kafin a danna tura, yanzu 171 yake nunawa bayan an cire maimaici. Na takarda na bar GROUP_CONCAT amma na ɗaga iyakar, na ƙara COUNT a gefe don malamin aji ya gani ko adadin ya yi daidai da rajistarsa. Gobe bayan la'asar zan je in yi wa shugaban makaranta bayani, ban dai san yadda zan fassara masa bait 1024 ba

Injiniya Zee: Ce masa buhun ne ya cika aka ɗinke bakin, sauran hatsin ya zube a ƙasa ba wanda ya lura

Oga Nas: Ka tafi da rahoton kamfanin tes ɗin a hannu dai, ya ga 85 aka cire kuɗinsu sauran kuɗin yana nan. Kuma dan Allah ka cire XAMPP ɗin nan ka saka irin abin da ke kan hostin ɗinka

Sadik Kurna: In sha Allah Oga. Malam Habu wannan ONLY_FULL_GROUP_BY ɗin da ka ambata, yanzu wasu kweri guda uku da suke aiki a laptop sun ƙi a hostin, shi ne ko?

Malam Habu: Shi ne. Kada ka kashe shi, turo su ɗaya bayan ɗaya mu gani, amma sai da safe, an ɗauke mana wuta caji na saura kashi 6.